Layin da Bai Miƙe Ba

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, ko da yake wanda ya gan ka makon jiya ya ce idonka ya yi rawaya, ƙafarka kuma ta ƙi shiga takalmi.

Da gangan na daina ɗaukar wayarka. A waya bakinka ya fi zuma. Sau huɗu kana rantse mini ka bar giya, sau huɗu ina yarda kamar sakarya. Yanzu kuma ka ce in maido maka 'yarka. Shekara biyu ke nan tana hannuna, tun bayan rasuwar uwarta, ranar da na iske ta zaune a ƙofar shagonka da yunwa, kai kana kwance bayan gwangwanayen fenti. Ba ƙwace ta na yi ba. Kai ne ubanta, kuma ita 'yar taka, Sarkin Tambaya, ba ta bari in manta, kullum sai ta ce yaushe za ta koma wajenka.

To ga sharaɗina. Ni tela ce, daga ganin kalmasa nake sanin ko hankalin mai ɗinki yana jikinsa. Kai kuma allon shago kake rubutawa, hannunka shi ne shaidarka. Zuwana na ƙarshe, ko kofin shayi ba ka iya kaiwa baki sai rabi ya zube. Ka riƙa rubuto mini takarda duk mako biyu, ka ba direban da ke kawo mini yadi. Ranar da na ga rubutunka ya miƙe yadda na san shi, ni da ƙafata zan kawo ta.

Maigidan yana gaishe ka. Ka riƙa cin abinci.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi, da fatan ke da maigida da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Takardarki ta iso. Na karanta sau biyu, ban ga inda kika ƙara mini ko kalma ɗaya ba.

Aiki alhamdu lillahi. Masu injin bugawa sun cinye mana kasuwa, amma har yanzu akwai masu cewa sai rubutun hannu. Mai kantin magani na bakin titinmu ya ba ni allonsa, farin rubutu a kan kore. Na kuma gyara ɗakin da ke jikin nawa, na sauya ragar taga, na shafa masa shuɗi, don 'yata ta taɓa cewa shi take so.

Ga rubutun nan, ki duba da idonki na tela. Ko rula ban sa ba.

Ki shafa mini kanta. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki

*

Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa. Takardarka ta huɗu ke nan a gabana, kuma wallahi sai da na yi hawaye. Na ɗora tef ɗina na awo a kan layukan, ko gashi ba su kauce ba, kamar an ja su da zare. Na kai wa maƙwabciyata ta gani, wadda ke cewa mashayi ba ya shiryuwa. Ta yi ta taɓe baki, na ce taɓe da kyau, ƙanena ne.

Na yi alkawari, zan cika. Saura mako uku a ba su hutun makaranta, washegari muna hanya. Na faɗa wa 'yarka. Tun daga lokacin kunnena bai huta ba: wane irin shuɗi, akwai madubi, za ka bar ta ta riƙe buroshi? Ka tanadi amsa, ni tawa ta ƙare.

Na yi farin ciki, Auta. Allah ya ɗora ka a kai.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Don Allah ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki kawo ta.

Yaya, ma'auninki a juye yake, kuma na sani tun ranar farko na yi shiru. Hannuna ba don na sha yake rawa ba, don ban sha ba ne. Idan na tashi da safe, ko maɓallin riga ba na iya sawa. Sai na kurɓa biyu, in jira kaɗan, sannan ya tsaya cak na kamar awa biyu. A cikin awa biyun nan nake rubuta allon mutane, a ciki na rubuto miki duka huɗun. Ranar da kika ga shayi yana zuba, kunyarki ce ta hana ni sha tun safe.

Da na karanta cewa kin faɗa mata, sai na ji na tsani kaina. Na tattara kwalaben na juye a kwata, na ce daga yau an gama. Rana ta biyu ina kan tsani sai gumi ya karyo mini, na ga bangon yana motsi. Ban san sauran ba. Mai walda na kusa da ni ya ce na faɗo ina shure-shure, na ciji harshe. Shi ya kai ni asibiti.

Likita ta yi mini faɗa sosai. Ta ce wanda jikinsa ya saba kamar nawa, in ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai, yana iya rasa ransa. Sai an kwantar da ni an sauke ni a hankali da magani. Ta kuma nuna mini hoton hantata, ta ce ta fara taurarewa, shi ya kawo rawayar ido da kumburin ƙafa. Ranar Litinin gado zai samu, kuma zan je.

Wannan ma kin ga ta miƙe. Kin san dalili yanzu. Ki yafe mini.

Ƙanenki

*

Auta,

Sallama. Kwana biyu na yi ban taɓa keken ɗinki ba. Na yi fushi da kai, har yanzu ma da saura. Amma na fi jin haushin kaina. Ni da iyayina na sa ka kana sha duk mako biyu don ka burge ni, ina ta yawo da takarda gidan maƙwabta.

Ban yi wa 'yarka ƙarya ba. Na ce Baba ba shi da lafiya, ciwon da yake ɓoyewa ne, yanzu ya faɗa. Sai ta ce to wa zai kai masa ruwa? Maigidan zai zo ya zauna da kai har a sallame ka.

Na janye sharaɗi. Ka dai ci gaba da rubutowa, ko da kamar tonon kaza ne.

Allah ya ba ka lafiya.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, tun hantsi nake kansa.

Yau kwana hamsin da takwas rabona da giya. Kumburin ya saɓe, ina cin abinci. Likita ta ce abin da ya lalace a hantar ba zai dawo ba, amma sauran zai riƙe ni muddin ban sake taɓawa ba. Rawar hannun tana iya raguwa, tana iya zama.

Na mayar wa mutum biyu allonsu. Yanzu shafe nake yi da babban buroshi, wani ya zo ya sa haruffan. Ya yi mini ciwo, shekara ashirin ina abin nan. Duk Alhamis muna zama a asibiti da wasu irina, har da wani tsohon direba mai ban dariya. Akwai ranakun da nake son sha ƙwarai. Jiya ma. Na je na zauna wajen mai walda har sha'awar ta wuce.

Ban ce ki kawo ta ba. Ina kewarta ne kawai.

Ƙanenki

*

Auta,

Gaisuwa. Na sa tabarau, na fita haske, rabi kawai na iya karantawa. Sarkin Tambaya ce ta ƙarasa mini. Da ta gama ta ce me ya sa rubutun Baba ya fi nata muni? Na ce don ya fara samun sauƙi ne.

Ranar Asabar muna tafe. Zan yi kwana uku in ga zamanku, sannan in dawo ni kaɗai.

Yayarka