Tozon Da Na Mayar

Zuwa ga Su'ada 'yar Alhaji Mani mahauci, farin watan Zongo, ruwan farkon damina mai kwantar da zafin Wagadugu, inuwar mangwaro ga wanda rana ta dafa! Na so in ƙara da man shanuna, amma likita ta hana ni shi, ko a takarda tsoronsa nake ji.

Ya rabin raina, me ya yi zafi haka? Na kira wayarki har ta gaji da kuka. Na je ƙofar gidanku na yi sallama, Gwaggo Zenabu ta amsa mini da bakin da ake amsa wa mai tallan maganin ɓera. Duk a kan me? A kan tozo!

Na sani, na sani. Ranar Juma'a kin aiko mini da langa, tuwon shinkafa da miyar taushe, ga tozon bijimi a kai yana ƙyalli, wanda mahaifinki ya yanko da hannunsa ya hana masu saye. Ni kuwa na cinye tuwon, na suɗe miyar, na mayar da tozon cikin langa na rufe. A zatona dabara na yi, don in na ba maƙwabta, kafin la'asar duk Zongo ta ji cewa Rafi'u yana rabon abincin surukai. Ashe garin neman gira na rasa ido! Ashe a gidanku ba a ba kowa tozo sai wanda aka yarda ya zama ɗan gida, wanda ya mayar da shi kuwa ya ce ya fasa ke nan. Ni in fasa ki? Kin taɓa jin kifi ya yi fushi da ruwa?

Kin tuna Babbar Sallar da na fara ganinki? Kina gaban tukunyar suya, hayaƙi ya sa idanunki sun yi ja, kika tsamo wani kitse kika miƙo mini ba ki ko dube ni ba. Na jefa shi baki da zafinsa don kada a ce ni rago ne. Harshena ya saɓule, hawaye ya zubo, kika yi ta dariya har kika riƙe ciki. Harshen ya daɗe da warkewa, Su'ada, zuciyar ce har yau take ciwo.

To ga gaskiyar magana, ya sanyin idona. Watan jiya na je asibiti saboda hakin da nake yi in na hau bene a wurin aiki. Aka ɗebi jinina, likita ta ce kitse ya yi yawa a ciki, kolesterol suke ce masa, yana taruwa a hanyoyin jini yadda leda ke toshe kwata. Ta hana ni tozo da kayan ciki da fatar kaza, ta hana ni ƙosai mai iyo cikin mai, har mayonez ɗin da nake laftawa a burodi bai tsira ba. Ta haɗa ni da zogale da gero da gasasshen kifi, ta ce in riƙa tafiya a ƙafa kullum. Ni da nake hawa moto, babur ɗin nan nawa, in je shagon da ke kallon ƙofarmu! Yanzu benga nake ci, shinkafa da wake ba ɗigon mai, ina haɗiya ina ambaton sunanki don ta wuce. Ki gaya mini, da wane baki zan dubi mahauci in ce masa nama na neman kwantar da ni? Shi ya sa na yi shiru.

Na kuma ji Gwaggo Zenabu ta gan ni da safe a unguwar Gounghin, ina tafe a ƙasa da gajeren wando, gumi sharkaf, ta kai labari cewa mai moto ba ya taka ƙasa sai in yana ɓoye sawu zuwa gidan wata. Haba! Wace mace ce ake zuwa zance wajenta da gajeren wando? Wallahi karnukan unguwar kaɗai suka san ni, su ma ba ƙauna suke nuna mini ba.

Amma tsoro nake ji, kuma ke kaɗai zan gaya wa. Babana Issa a kasuwa ya dafe ƙirji ya faɗi, bai sake tashi ba, ko furfura bai gama yi ba, kuma har yau in Inna ta zo rabon tuwo sai hannunta ya kai ga kwanonsa kafin ta tuna. Likita ta ce hanyarsa na kama, sai dai ni ina da damar juyawa. Rai na Allah ne, amma ba na so ki gaji irin hannun Inna.

Ranar Juma'a mai zuwa zan zo gidanku, a ƙafa, da doguwar riga wannan karon. Zan durƙusa gaban Alhaji in faɗa masa komai. In kin ajiye mini tozo, na rantse zan cinye shi tas, ba zan kunyata ki sau biyu ba. Amma ina roƙonki, ya hasken gidanmu na gobe, ki zuba mini wake da zogale. So nake in tsufa a hannunki, haƙora su zube, in riƙa damunki da neman hulata alhali tana kaina, kina mita ina jin daɗi.

Naki tun da tumbi, naki in ya tafi, naki har ranar da numfashi zai ƙare, Allah Ya nisanta ta,

Rafi'u