Kyamarar Tana Sunkuyawa, Hannuna Yana Rawa

Assalamu alaikum Anti Halimatu Sa'adiyya. Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki ture wasiƙar nan gefe don kin ga zancen ƙarfe a samanta. Na san filinki na matsalolin gida ne da na zuciya, ni kuma ga ni na zo miki da maganar kan ƙafar kyamara. Ki daure ki karanta har ƙasa.

Ni mai ɗaukar hoto ce a yankin Kura da Bunkure, hoton mata zalla. Inda namiji ba ya shiga nan ne wurin aikina: suna, kamu, walima, har matan da ke turara shinkafa a cikin gida idan ƙungiyarsu tana son hoton da za ta nuna wa masu saye. Kyamarar ta yayana Iliyasu ce, ya bar mini ita da ya koma Kano aikin bidiyo, ya haɗa mini da ƙafarta, sandar nan mai ƙafa uku. Ƙafar lafiyarta ƙalau, amma kan da ake ɗora kyamarar a kansa ya tsage tun a hannunsa. Ban taɓa damuwa ba. Tana jingine a bayan ƙofa ina rataya mata mayafi, don ni da hannu nake ɗauka, kuma ba yabon kai ba, hotona tar yake fita.

Yanzu wani kan nake nema, irin mai ƙwallo, wanda za ki sassauta maɗauri ɗaya ki juya kyamarar duk inda kike so ki sake ɗaurewa. Shi nake so saboda tsakar gidajenmu ba a daidaice take ba, nan tudu can kwari, ga lambatu, ga turmi, ga awaki, ba ni da lokacin gyara ƙafa ɗaya bayan ɗaya mata suna tsaye suna jirana da yara a goye.

Na riga na yi wauta sau ɗaya. Na shiga Kano na sayi wani ɗan ƙarami mai arha, mai shagon yana ta rantsuwa zai ɗauki kyamarar da ta fi tawa. A gidan wani suna na fara gwada shi. Na saita, na ɗaure, na juya in gyara wa maijego ɗankwali, kafin in waiwayo kyamarar ta sunkuya tana kallon ƙasa kamar amaryar da aka kawo gaban surukai. Na sassauta in ɗago ta, sai ta ɓalle gaba ɗaya, saura kaɗan ta faɗa cikin bahon kunu. Mata suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Tun daga ranar ban zauna ba. Ina tuƙa tuwo ina duba waya. Wannan ya ce mai ƙwallo babba, wancan ya ce a'a, mai mariƙin juyawa ya fi. Na ga wani mai ƙwallo na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, a Kano, ƙarfe ne mai nauyi, duk ya kakkarce, maɗaurinsa biyu. Na ga wani sabo fil a intanet, kyakkyawa, sai dai ban taɓa shi da hannuna ba kuma sai an aiko shi. Kuɗin da ke hannuna na guda ɗaya ne tak, in na sake kuskure babu na sakewa. Na ɗauki wannan a raina da safe, kafin azahar na koma wancan.

Anti, bari in daina kewaye-kewaye. Hannuna ne yake rawa. Na dama. Tun wajen girbin shinkafar bara na fara lura, in na ɗaga kyamara zuwa ido sai in ji tana motsi kaɗan-kaɗan. A waje cikin rana ba a ganewa. A cikin ɗaki ko rumfa, inda haske ya yi ƙaranci, sai fuskoki su fito dishi-dishi. Ina ɗaukar hoto ɗaya sau da yawa in zaɓi wanda ya tsira, mata suna cewa na cika son gyara. Na koyi dafe gwiwar hannu da bango. Na daina zuba wa baƙi shayi a gabansu. Babu wanda ya sani, wallahi ke ce ta farko.

Maigidana Sammani manomin tumatir ne a wajen Kadawa, mutumin kirki ne, shi ya tsaya mini lokacin da danginsa suke ta surutu wai matarsa tana yawon gidaje da kyamara. Sharaɗinsa ɗaya, kada aikin ya taɓa lafiyata. Na san halinsa sarai. Ranar da ya ji, zai ɗauke kyamarar ya sa a saman sif cikin lallashi, ya ce in huta tukuna, kuma tukunan nan ba ta da ranar ƙarewa. Ga shi bana tsutsa ta shiga gonar, kullum yana bakin kwatar ban-ruwa yana jiran a saki ruwa, ya dawo a gajiye, ina zan ƙara masa da wannan? Ga kuma bakin mutane. Goggona hannunta ya yi rawa kafin ta rasu, ina ƙarama na ga yadda aka daina ba ta jarirai ta riƙe, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa jifa aka yi mata. Tsoro nake ji, Anti, tsoro sosai.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne, bayan Sallah akwai saukar Alƙur'ani ta matan aure a Islamiyyar Malama Tambaya. Ita ce malamar da ta koya mini karatu, kuma ita da kanta ta aiko a ce ni take so. A cikin matan nan akwai masu jikoki, akwai wadda ta fara karatun daga babbaƙu bayan ta aurar da 'ya'yanta. A cikin ajin za a yi, tagoginsa ƙanana, kuma namiji ba zai leƙa ba, ko ni ko babu hoto. Biki in ya lalace a hoto sai a sake kwalliya a sake ɗauka. Wannan kuwa mace za ta karanta ayar ƙarshe sau ɗaya ne, ta ɗago kai tana kuka, shi ke nan ya wuce. In na ɓata musu wannan da wane ido zan kalli Malama?

Na yi tunanin in ce mata ba ni da lafiya, in ƙi zuwa. Na yi tunanin in sayi kan a ɓoye in ce wa Sammani zamani ne ya zo da haka. Ki faɗa mini wanda zan saya wanda ba zai kunyata ni ba. Ki buga a fili, wataƙila akwai mai irin damuwata, amma ki sakaya sunana.

Taki,
Mai Hoton Mata

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Na karanta har ƙasa kamar yadda kika roƙa, kuma na ga tambaya biyu kika yi, ɗaya da babbar murya, ɗaya a hankali. Zan fara da ta ƙarfen, don tambaya ce ta gaske, ba zan raina ta ba.

Na kai wasiƙarki wurin Malam Ibrahimu, mai ɗaukar hoton jaridarmu, ga abin da muka tsayar. Ki bar na intanet ɗin, ba don ba shi da kyau ba, sai don ba ki da damar kuskure kuma ba za ki iya gwada shi kafin ki biya ba. Ki koma wurin na hannun nan mai nauyi. Karce ba ya hana aiki. Ki tafi da ƙafar da kyamarar, a ɗaura a gabanki, don ba kowane kai ne yake shiga kowace ƙafa ba. Ki saita kyamarar a kan wani rubutu a bango, ki ɗaure, ki sake ta, ki leƙa. In rubutun ya gusa ko kaɗan, ki ajiye wa mai shagon kayansa. Ki kwantar da ita gefe kamar za ki ɗauki mutum a tsaye, ki sake gwadawa.

Maɗauri na biyun da kika gani, ki tabbatar na riƙon ƙwallon ne, wanda ke sa ta yi tauri ko an sassauta babban. Shi ne zai hana kyamarar ɓallewa irin ta gidan suna, kuma ga mai hannu irin naki shi ne abu mafi muhimmanci a jikin kan. Ki duba ɗan farantin da ake ɗaure wa kyamara a gindi yana nan kuma yana kamawa gam. In na hannun ya faɗi jarrabawa, kada ki ji kunyar ɗaukar mai mariƙin juyawa. Ya fi jan lokaci wurin saitawa, amma ba ya faɗuwa ta ko'ina a lokaci ɗaya. Kada ki shafa wa ƙwallon mai, tsumma busasshe ya isa. Sannan ki haɗa da ɗan rimot na kyamara, ba shi da tsada, don in kika danna maɓalli da yatsa rawar za ta bi ta cikin ƙarfen duk da haka.

Yanzu ga ta biyun. Tsoronki ba na banza ba ne, kin ga abin da aka yi wa goggonki. Amma ba ki san abin da ke damun hannunki ba, ni ma ban sani ba, mai shago kuma bai sani ba. Rawar hannu tana da dalilai da yawa, wasu ƙanana ne, wasu magani yana kwantar da su, kuma duk sun fi sauƙi in an je da wuri. Ki ga likita, ki faɗa masa yaushe ta fara da labarin goggon.

Sammani kuma kin yanke masa hukunci bai buɗe baki ba. Mai yiwuwa ya ce ki huta, kin fi ni saninsa. Sai dai mutumin da ya tare miki bakin danginsa ya cancanci ya ji daga bakinki. Kuma ki yi haƙuri in tsokane ki: na canza sunayen mutanenki kamar yadda muka saba, amma mata nawa ne ke yawo da kyamara tsakanin Kura da Bunkure? Ina jin zuciyarki ta gaji da ɓoyon ne, shi ya sa ta rubuto. Ki riga jaridar nan isa wurinsa. Kada ki je masa da matsalar kawai, ki je da shirinki: ga asibiti, ga kan da zai riƙe kyamara, ga aikin da ba ki da niyyar bari. Ki roƙe shi ya raka ki Kano ku yi biyun a tafiya ɗaya.

Kada ki ƙi zuwa saukar nan. Ki sanar da Malama Tambaya, ki nemi ta bar ki ki shiga ajin kafin ranar, ki zaɓi wurin da haske ya fi faɗawa, ki kafa ƙafarki ki gwada har sai kin natsu. Matan nan ido suke nema wanda ya san lokacin da mace za ta ɗago kai, kuma wannan yana nan tare da ke. Ranar, in hannun ya ga dama ya yi rawa, ki bar shi ya yi a gaban kowa, ba shi zai riƙe kyamarar ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanya albarka a aikinki, ya sa a yi saukar nan da ke.

Anti Halimatu Sa'adiyya