Takardu Bakwai a Layin Firinta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Da biro na rubuto, direban Kawu zai kawo miki, don ni da kwamfuta mun ɓata.

Ranar Alhamis shugabanmu, Mai Jan Biro, ya wurgo mini rahotona a gaban kowa, wai in je in koyi aiki. Ni da na shekara goma sha tara ina riƙe da fayilolin ofishin nan! Raina ya ɓaci, na zauna na rubuta takardar ajiye aiki, ban rage masa komai ba, na danna a buga. Firinta shiru. Na sake dannawa. Kin san halina da abin da ya ƙi jin magana: sai da na danna sau bakwai.

Ashe lalacewa ta yi. Firinta ɗaya ce gare mu duka, kuma a gefen teburinsa take. Mai gyara zai zo Laraba. Yanzu na huce, ba inda za ni, saura shekara biyu in yi ritaya. Na goge takardar daga kwamfutata, na kuma zare wayar firintar. Na san shi ke nan, ina tambaya ne kawai tunda sana'arki ce.

Ki huta lafiya,
Yayanki

Yaya,

Barka da aiki, ya Anti da yara? Ka yafe mini, na yi dariya har da hawaye.

Ba shi ke nan ba. Takardunka bakwai suna nan tsaye a layi cikin babbar kwamfutar ofis. Ana gyara firintar za su fito ɗaya bayan ɗaya a gaban mutumin, zare waya ba ya korar su.

Ka yi sammako Litinin. Danna ɗan hoton firinta da ke ƙasan allonka, za ka ga duk abin da ke jira: sunan takarda, wanda ya tura, da ranar. Zaɓi naka, ka soke su ɗaya-ɗaya har bakwai. Na wasu ba za ta bari ka taɓa ba, kada ka tsaya kokawa da ita. Kuma don Allah, Yaya, dannawa ɗaya ta isa.

Allah ya rufa asiri,
Autarka

Auta,

Ina gaisuwa. Na buɗe, ga su nan reras, bakwai cif. Amma a samansu akwai wata ta Mai Jan Biro, ya tura tun Talata, kwana biyu kafin ya wurgo mini rahoton. Sunanta: “Neman sabon mai kula da fayiloli.” Kujerata ce, Auta. Ashe rahoton ba shi da laifi, an riga an gama da ni.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ina zaune ina kallon layin ya shigo yana murmushi, ya ce, “Malam, an tashi lafiya?” Na ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe.”

Sai na ji daga gare ki,
Yayanki

Yaya,

Ina wuni. Ba ka faɗa mini ba, ka dai soke? Gobe ce fa Laraba, hankalina ya ƙi kwanciya.

Taka,
Auta

Auta,

Kwantar da hankalinki, na soke shida. Mai gyara ya zo. Ta Mai Jan Biro ce ta fara fitowa, tawa na biye da ita. Ni na kwaso su da ɗuminsu na ajiye masa, tawa a sama. Ya karanta sau biyu da jan biron a hannu, bai samu abin gyarawa ba.

Ki gaida yara,
Yayanki