Wake Mai Tabo

Gyaɗi-Gyaɗi,
12 ga Yuli, 1999

Zuwa ga Baba Tanko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar? Inna Delu tana gaishe ka. Ni ce Husaina, 'yar abokin aikinka marigayi Malam Idris. Aikin asibiti ya hana ni zuwa, shi ya sa na ba Inuwa mai bas wannan takarda.

Ka ji gwamnatin farar hula ta ce waɗanda aka kora daga aiki zamanin soja su kai kuka. Baba ya rasu, amma ina so a wanke sunansa. Takardar korarsa cewa ta yi ya ɓata shekara goma sha ɗaya a gonar gwaji bai fitar da komai ba. Na tarar da gwangwanin irin wake a ƙasan akwatinsa, na shuka shi kaf a lambun bayan gida, don in sami abin nunawa.

Ya fito, tushe hamsin da biyu. To amma talatin da ɗaya sun yi ɗigo-ɗigo, busassun tabo kamar an ɗosana musu garwashi. Wane magani ake fesawa?

Baba, lambun nan yana ba ni tsoro. Takalman mahaifina na roba suna nan bakin rijiya, babu mai iya ɗauke su. In na sunkuya ina cire ciyawa sai in ji kamar yana tsaye a bayana, zai yi gyaran murya bai yi ba.

'Yarka,
Husaina

Tarauni,
14 ga Yuli, 1999

Husaina 'yata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai dai ba ta kai ni ko bakin titi. Ki gai da Hajiya Delu.

Don girman Allah kada ki taɓa masu tabon nan. Su ne aikin mahaifinki.

Akwai cutar da ƙananan ƙwari ke sa wa wake, ta nannaɗe ganye ta mai da shi rawaya, gona ta tashi babu ko tiya. Waken banza ba ya jin shigarta. Yana nan kore shar, ita kuwa tana yawo a jikinsa, sai bayan mako biyu ya zube. Na Idris yana ji. Da ta shiga, sai ganyen ya janye ɗan abincin da ke wurin, ya cinye, sannan ya kashe wurin da kansa. Cutar ba ta iya rayuwa a mataccen wuri, sai ta maƙale a nan. Wannan ɗigon da kika gani, shi ne. Masu tsabtar kuwa gauraye ne, bai gama tace su ba aka kore shi.

Zan gaya miki abin da ya hana ni barci shekara biyar. Ranar da babban jami'i ya zo duba gonar, ya ga tabo ya ce Idris cuta yake kiwo da kuɗin gwamnati. Ina tsaye a wurin. Na san gaskiya, na kuma ga sojan da ke bayansa, na yi shiru. Da aka miƙo rahoto na sa hannu. Idris bai taɓa yi mini maganar ba har ya rasu, kuma da ma ya zage ni.

Ki bar su su yi 'ya'ya. Ko a kan baro ne zan je in ba da shaida.

Naki,
Tanko Rabi'u

Gyaɗi-Gyaɗi,
19 ga Yuli, 1999

Baba Tanko,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Shiru ban ji daga gare ka ba. An ce bas ɗin Inuwa tana wurin bakanike a Unguwa Uku tun ranar Alhamis, wataƙila shi ya sa.

Kada ka damu, na yi maganin abin. Na ce to, ni da nake raba marasa lafiya da masu lafiya kullum a ɗakin jinya, wake ne zai gagare ni? Jiya Lahadi na sa safar hannu, na tuge masu tabon ɗaya bayan ɗaya, na haɗa a bola na zuba kananzir na cinna wuta. Har ƙasar wurin na kwashe. Inna tana ta yi mini dariya, wai sista ta buɗe asibiti a bayan gida.

Saura ashirin da ɗaya, kyawawa, ko ƙwarzane babu. In ka gan su sai ka ji daɗi.

Abu ɗaya ne. Tun da hayaƙin nan ya tashi ban ƙara jin Baba a bayana ba. Na zaci zan ji sauƙi, amma lambun ya yi mini fayau.

'Yarka,
Husaina

Tarauni,
21 ga Yuli, 1999

Husaina,

Salamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inuwa ya kawo mini takardarki, ya kuma rantse yau zai kai miki tawa da ta yi mako a motarsa. Ki karanta ta a zaune.

Ba laifinki ba ne. Ni ya kamata in zo gidanku in yi wannan bayani tun ranar sadakar uku.

Saura abu ɗaya. Wani lokaci ƙwarin ba sa hawa kowane tushe a tare. Mai yiwuwa cikin ashirin da ɗayan akwai na kirki da cutar ba ta taɓa ba tukuna. Ki duba kullum, har ƙasan ganye. Ko guda ɗaya ya yi tabo, ya ishe mu.

Tanko

Gyaɗi-Gyaɗi,
2 ga Agusta, 1999

Baba,

Assalamu alaikum. Na karanta duka biyun.

Kullum kafin in tafi aiki ina durƙusawa in juya ganye ɗaya-ɗaya, ina roƙon Allah Ya nuna mini ciwo. Goma sha tara sun nannaɗe sun yi rawaya. Biyu suna nan kore, ban san ko wane iri ba ne.

Yau na kama ƙwarin daga jikin waɗanda suka yi rawaya, na ɗora wa biyun nan da hannuna.

Ka sa mu a addu'a.

Husaina