Raunin Wuyana Ya Ƙi Rufewa, Wa Zan Tambaya?

Zuwa ga Shugaban Sashen Ciwon Maƙogwaro na asibitin da aka yi mini aiki a Lyon.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya. Sunana Habibu, mutumin Damagaram, mai sayar da atamfa a unguwar La Guillotière. Da Hausa na rubuta wasiƙar nan don 'yan uwana su karanta, ɗiyata Rakiya za ta mayar maka da ita Faransanci. Da baki na so in yi maganar nan, amma tun da kuka cire mini maƙogwaro ba ni da murya.

Ba zargin kowa nake yi ba. Na rikice ne, ga kuma dalilaina.

Na ɗaya. Da aka gano ciwon daji a maƙogwarona, a Paris aka fara yi mini magani, ina zaune wajen ƙanena a Clichy-sous-Bois. An ɗura mini maganin daji da suke kira shimiyo, an gasa wuyan da na'ura sati bakwai. Likitan can ya ce an yi haka ne don kada a kai ga yanka. Bayan shekara ɗaya ciwon ya dawo, ku kuka yanka. Shin gashin bai yi aiki ba ne, ko dama haka ake yi? Ba wanda ya gaya mini.

Na biyu. Kwana tara bayan aikin ɗinkin ya buɗe. Miyau ya fara fitowa ta gefen wuyana yana jiƙa mini riga. Yau wata huɗu ke nan da tiyo nake cin abinci. Likitan da ya yi aikin ya ce naman da aka gasa ba ya haɗewa da wuri. To in an san haka, me ya sa ban ji ba kafin in sa hannu? Wataƙila an faɗa. Rakiya ce ke fassara, a nan aka haife ta, Hausarta ta gida ce. Ranar tana kuka, abin da ta ce kawai shi ne za su cire ciwon. Ni kuwa na sa hannu.

Na uku. Wani likitanku ya ce in yi haƙuri, ramin zai rufe da kansa. Wata likitar ta ce sai an yanko nama daga ƙirjina an toshe. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris da tsumma a wuya don in ji ta bakin likitan da ya fara yi mini magani, ya ce takardun aikinku ba su iso masa ba. Na dawo, sakatariyarku ta ce an aika. Duka likitocin ukun mutanen kirki ne, amma ban san maganar wanda zan kama ba.

Roƙona uku ne. Ku da na Paris ku yi magana da juna, ku ba ni amsa guda. A samo tafinta babba mai jin Hausa, a sauke wa yarinyar nan nauyin da ya fi ƙarfinta. Kuma a ba ni lokaci in rubuta tambayata a allo, don sau da yawa kafin in gama rubutu likita ya miƙe.

Mahaifiyata tana Damagaram, ta tsufa, idonta ba ya gani. Kowace Juma'a sai ta sa a kira ni, Rakiya ta ce mata Baba na fama da mura. Juma'ar da ta wuce ta ce a kanga mini wayar a baki, ko numfashina ta ji. Ni kuwa yanzu ta wata kafa da kuka buɗe mini a wuya nake numfashi. Ku gaya mini gaskiyar halina, ko mai ɗaci ce, don in san abin da zan sa a gaya mata.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa albarka a hannuwanku, ya ba marasa lafiyarku sauƙi.

Wassalam.

Habibu, La Guillotière, Lyon.