Ƙarin Faɗin Gaba

Old Trafford, Manchester
3 ga Maris

Zuwa ga Kawu Sunusi,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kai da Anti Bilqis kuna lafiya. Na rubuto da hannu ne saboda duk saƙon da ya shigo wayata sai ya fito a iPad ɗin matata Latifa.

Kawu, shawara nake nema a kan gabana. Bara na ga kamar faɗinsa ya yi kaɗan, sai na biya aka yi mini ciko. Da farko ya yi kyau. Yanzu wani gefen ya lotsa, wani ya yi tudu. Na sami wani mutum a intanet, ya ce ranar 22 ga wata zai ƙara wani cikon a kai. Latifa ba ta san da maganar ba. Me ka gani?

Ka huta lafiya,
Zayd

Ladywood, Birmingham
6 ga Maris

Ɗana Zayd,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarka ta faranta mini rai. Ni kaina zuwan da na yi na lura gaban naka ya yi ƙunci, kara ce ta hana ni faɗa. Ranar ana buga ƙwallo, sai can wajen filin wasan kurket na sami inda zan ajiye mota.

Amma ba a zuba sabon ciko a kan tsoho. A fara haƙe na bara tukuna, a ga me ke ƙasa. Ka nemi izinin council, wato ƙaramar hukuma, kuma ka yi wa maƙwabta bayani, don kada ya shiga nasu. Ka aiko mini da hoto in nuna wa wani magini da muke masallaci ɗaya.

Ɓoye wa iyali aikin alheri ba dabara ba ne. Antinka ta buga wa Latifa waya ta yi mata murna.

Allah ya yi maka albarka,
Kawunka

Old Trafford
9 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Don girman Allah a bar maginin nan. Ba gaban gida nake nufi ba. Gaban da ka zana mana a allo a ajin kimiyya, ranar da ka ce wanda ya yi dariya zai fita waje, shi nake nufi. Cikon kuma allura ce, filler ake ce mata.

Wani lokacin tudun yana ciwo. Kunyar GP, likitan unguwarmu, nake ji, shi ya sa nake ganin gara in je wurin mutumin nan ya daidaita shi, ba wanda ya ji. A wani ɗan gidan haya yake aiki, a saman shagon aski.

Latifa kuma tun wayar Anti take zaɓen launin duwatsun daɓe.

Babu hoto, Kawu.
Zayd

Ladywood
12 ga Maris

Ɗana Zayd,

Ina amsa gaisuwa. Sau uku na karanta takardarka, na ukun a zaune. Na janye maganar cewa na lura da ƙuncinsa.

Shekara ashirin ina koya wa yara sassan jiki ban taɓa sunkuyar da kai ba, don haka kai ma ɗago naka. Na tare Dokta Nabil, likitan mafitsara, bayan sallar Juma'a, na ce wani abokina ne. Ya kalle ni daga hula har takalmi, ya ce, “Malam, a shekarunka?” Ka ga abin da ka ja mini.

Ga abin da ya ce. Da farko a san me aka ɗura maka. Idan mai narkewa ne, akwai allurar da likita ke yi ta narkar da shi. Idan na dindindin ne, irin su silikon, sau da yawa sai da tiyata, kuma takan bar tabo. Ƙara sabo a kan wanda ya dunƙule yana iya ƙara ƙulluwa, ya jawo ƙwayoyin cuta da karkacewa. Masu ɗebo kitsen ciki su zuba a wurin, jiki yakan shanye wani ya bar wani. Robar da ake dasawa ƙarƙashin fata ma tana iya ruruwa har a cire ta. Ya ce yawancin masu zuwa da wannan damuwa, in an auna, halittarsu daidai take. Ciwon da kake ji kuwa, a wannan makon za ka kai shi wurin GP. Idan wurin ya yi ja, ko zazzaɓi ya zo, asibiti kai tsaye.

Ka soke ranar 22. Sannan ka zaunar da matarka kafin ta sayi duwatsu.

Naka har kullum,
Kawu Sunusi

Old Trafford
19 ga Maris

Kawu,

Barka da war haka. Na soke. GP ya duba ni, ya tura ni wurin ƙwararre, ko gira bai ɗaga ba.

Na gaya wa Latifa. Minti goma ina kewaye-kewaye, tana yankan albasa. Da na kai ƙarshe ta ce tun bara ta gani, ta zaci cuta ce nake ɓoyewa, har kuka ta yi a ɓoye. Sannan ta ajiye wuƙar ta ce, “Ka tambayi intanet, ka tambayi mai allura, ka tambayi Kawu. Ni da abin ya shafa, sai yau layi ya zo kaina?”

Na ce to, yanzu na tambaya. Ta ce in miƙo mata tumatir.

A gaida Anti.
Ɗanka, Zayd