Babban Yatsan Baba

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Mu nan alhamdu lillahi. Jikin Baba da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa don kada a yi wa Allah butulci.

Na'urar gem ɗin da ka aiko, ta wasa a talabijin, ta iso. Likitar da ke yi masa gashi ta ce dabara ce mai kyau, danne-dannen zai iya tayar da yatsun hannun daman da ya shanye. Sai dai ba ka gaya mini sai ta ƙoshi da intanet take aiki ba. Tun hantsi na jona ta, Baba ya yi barci a kujera ya farka, ba ta gama shiri ba.

Da wasan ƙwallo muka fara. Gaskiya sun iya zane, har gumin 'yan wasa kana gani. Amma maɓalli goma sha wani abu ake so mutum ya danna, mutumin da cokali ke gagara. Bakwai aka zura mana kafin a je hutu. Na sa na harbe-harbe. Wannan kam yana da sauri, yana tsinka zuciya, amma Baba ya kawar da kai. Ya ce shekara saba'in bai taɓa marin kowa ba, ba a falonsa zai fara kisa ba.

Na koma aikin rabin yini a kantin magani. A fuskar mai kantin na ga bai so ba.

A gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin ƙaramar taku? Allah ya sa haƙoran sun fito lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, in na zauna rubutu idona ne ke rufewa.

Ka yi tambaya a kan wasan tseren mota. Ni ma na ɗauka shi zai fi shiga ransa, mutumin da ya yi shekara talatin yana jan bas. Da ya ji ƙarar injin sai da ya gyara zama, har yana gaya mini lokacin sauya giya. Amma wasan gudu yake so, Baba kuma tuƙi ya sani. Yana rage gudu a kwana, yana ba na baya hanya, kullum shi ne na ƙarshe. Ya ce waɗannan ba direbobi ba ne, masu neman ajali ne. Ran nan yatsan ya zame, motar ta daki shinge ta kife. Sai wasan ya maimaita masa haɗarin a hankali, ta gaba, ta gefe, ta sama. Baba ya saki abin dannawar, abin ya faɗi ƙasa. Kwana biyu ya ƙi gashi, ya ƙi magana. Ni na sha wannan, Yaya, ni kaɗai.

Na gwada wasan nan mai dogon labari. Duniyarsa abin kallo ce, duwatsu da koguna kamar ka shiga. Amma rubutun ƙanana ne kamar kiyashi, mutanen ciki ba sa gajiya da surutu, kuma kowa ka gaisar sai ya aike ka. Ƙarshe ma jarumin ya maƙale a jikin bango, sai da na zare waya.

Wanda ya karɓe shi wani ɗan wasan noma ne, zanensa kamar na littafin yara. Maɓalli biyu kawai. Ba mai bin ka, ba mai cewa ka faɗi. Baba ya shuka tumatir, yana ba shi ruwa da babban yatsansa. Aibinsa ɗaya, ba ya ƙarewa. Ban ruwa, cire ciyawa, girbi, gari ya waye a sake. Nakan kalle shi in ga kaina: wanka, magani, abinci, wanki, gari ya waye.

Ka sa mu a addu'a.
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa. Allah ya sa wannan ta same ku lafiya.

Likita ta duba hannun ranar Litinin. Babban yatsa da manuniya sun dawo, har yana ɓalle maɓallin rigarsa. Sauran ukun, ta ce kada mu sa rai. Mai kantin kuma ya buɗe baki a ƙarshe: in ban dawo cikakken yini ba farkon wata, zai ɗauki wata.

Ban gaya wa Baba ba. Jiya da rana ina zaune a ƙasa kusa da kujerarsa, ina karanta masa abin da wasan ya rubuta, barci ya sace ni a tsakiyar jimla. Da na farka falon shiru, talabijin a kashe. Abin dannawar yana hannunsa na dama. Shi ya lalubo maɓallin kashewar, wanda ni ma sai na danne shi da ƙarfi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai ga gumi a goshinsa.

Na yi yunƙurin kunna masa, ya hana. Ya ce tumatir ɗin ƙarya ba ya bushewa, amma ni ina bushewa a gaban idonsa. Ya ce in rubuta maka ka zo ka karɓe ni, ko na wata ɗaya ne, kafin a samo mai kula da shi. Na ce kana da aiki. Ya ce ni ma ina da shi.

Wata biyar ina cewa muna lafiya, kai ma kana yarda saboda ya fi sauƙi. Ban riƙe ka a zuci ba. Amma na gaji, Yaya, gajiyar da barci ba ya magani.

Na share ɗakinka na sauya zanin gado. Ka rubuto mini ranar zuwanka.

Ƙanwarka,
Auta